Wata takwas ina amsa sunan Dakta a zauren masana, yanzu wani ɗalibi na neman sunan jami'ata

Ɗaliba Mai Kundi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta hana ni barci kwana uku, na rasa wanda zan faɗa wa ido da ido, shi ya sa na kawo ta nan. Don Allah a saurare ni har ƙarshe kafin a fara yi min faɗa.

Ina shekara ta uku a karatun digiri na uku. Akwai wani babban zaure na intanet inda malaman jami'a da ɗalibai ke tattauna hanyoyin bincike da ƙididdiga. Mai duba kundina yana ciki, shugaban sashenmu ma yana ciki. Sau biyu na taɓa magana da sunana. Na farko ko tari ba wanda ya yi. Na biyu na gyara wa wani babban malami kuskure: ya ce tunda p ɗinsa, wato adadin da gwajin ƙididdiga ke fitarwa, ya fito 0.03, to yiwuwar hasashen "babu bambanci" ya zama gaskiya kashi 3 ne cikin 100, alhali ba ma'anarsa ke nan ba. Amsar da ya ba ni a gaban kowa ita ce, "Ki gama karatun tukuna." Washegari mai duba kundina ya kira ni ofis ya ce in rage rawar kai.

Sai na buɗe wani asusun. Na sa sunan namiji, na liƙa Dakta a gaba, na rubuta "babban malami, shekara 12 a koyarwa", na ɗora hoton da kwamfuta ta haɗa min: wani mai tabarau da 'yar furfura a gemu. Wallahi bayanin da aka share da na yi shi da sunana, shi na sake rubutawa bayan wata biyu, kusan kalma da kalma. Mutane suka yi ta yabawa. Shi kansa malamin da ya gwasale ni cewa ya yi, "Na gode Dakta, ka fa'idantar."

Wata takwas ke nan. Ban zagi kowa ba, ban ba da amsar da ban tabbatar da ita a littafi ba. To akwai wani ɗalibin digiri na biyu da nake taimaka wa ta akwatin saƙo. Ya auna mutum 30 kafin horo da bayan horo, ya ɗauke su kamar rukuni biyu daban. Na nuna masa cewa mutanen ɗaya ne, gwajin t na ma'aurata, wato mai haɗa awon kowane mutum na farko da na biyu, ya kamata ya yi. Shekaranjiya ya turo min hoton shafin godiya na kundinsa, ga sunan Daktan nan a layi na uku, bayan iyayensa da mai duba aikinsa. Ya ce in turo masa sunan jami'ata da sashena, don a babi na uku ya rubuta cewa bisa shawarata ya sauya gwajin, kuma mai jarrabawa na waje zai iya tambaya.

Na yi laifi ne tun farko, ko sai yanzu abin ya zama laifi? Kuma me zan ce wa yaron nan?

Malam Ƙididdiga: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Abin dariyar shi ne gwajin da kika koya wa yaron, da sunan aro ya shigo duniya. William Gosset ma'aikacin kamfanin Guinness ne a Dublin, kamfanin bai yarda ya buga bincike da sunansa ba, sai ya fitar da maƙalarsa a mujallar Biometrika a 1908 da sunan "Student". Har yau da wannan sunan ake kiran gwajin. Ba wanda ya ce ya yi ha'inci. Ilimi da hujja yake tafiya. In amsarki daidai ce, daidai ce, ko da sunan kyanwa kika sa.

Baba Mai Ritaya: Malam, Gosset cewa ya yi shi ɗalibi ne. Ya rage wa kansa tsawo. 'Yarmu kuwa ƙara wa kanta ta yi, har da gemu.

Malam Ƙididdiga: Allah ya ja da ran Baba, na karɓi wannan. Amma ga Sophie Germain. A zamaninta makarantar École Polytechnique ta Faris ba ta ɗaukar mata, sai ta riƙa aika aikinta ga malamin lissafi Lagrange da sunan wani ɗalibi, Le Blanc. Da sunan ta fara rubuta wa babban masanin lissafi Gauss wasiƙa a 1804, bai gano mace ba ce sai 1807. Ita ma sunan namiji ta ara, na mutumin gaske ma ba na ƙirƙira ba. Da Gauss ya gano, yabonta ya ƙara yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ita ta tsaga bangon ba.

Sarkin Gardama: Yauwa! Ni abin da ke ba ni haushi ke nan. Yarinya ta faɗi gaskiya da sunanta an wulaƙanta ta, ta faɗa da sunan Dakta an tafa. Wa ya kamata ya kasa barci? Ita ko su? Ai gwaji ta yi musu suka faɗi warwas. In ni ne ma sai in ɗauki hoton saƙonnin biyu in jera su gefe da gefe in watsa a zauren, kowa ya ga idon kowa.

Hajiya Edita: Sarkin Gardama, a hankali dai, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ita ce ba ta kare kundinta ba, ba kai ba.

Ni shekaruna ina aikin tace mujalla, kuma ɓoye suna ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mai tantance maƙala ba ya sanin marubuci, marubuci ba ya sanin mai tantancewa. Da gangan aka tsara haka, don ƙaramin malami ya iya ce wa farfesa lissafinka bai fita ba. Amma ku lura: kowa ya san an rufe sunan, kuma akwai mutum ɗaya, edita, da ya san ko wane ne. Wanda ya karɓi rahoton da ba suna ya san abin da ya karɓa, sai ya auna shi da ma'aunin da ya dace. Wanda ya karɓi shawarar "Dakta mai shekara 12" kuwa, an sauya masa ma'aunin bai sani ba.

In kuna son ganin inda abin ke kaiwa, ku duba badaƙalar tantancewar bogi. A 2012 aka kama wani mai bincike ɗan Koriya ta Kudu, Hyung-In Moon. Mujalla ta ce ya ba da sunayen waɗanda za su iya duba aikinsa, sai ya ba da adireshin imel da shi ko mutanensa ke riƙe da su. Abin da ya tona shi, rahotannin na dawowa cikin awa 24, duk yabo. Duk editan da ya taɓa bin farfesa wata uku yana roƙon rahoto ya san wannan ba aikin mutanen kirki ba ne. A 2017 kamfanin Springer ya janye maƙala 107 a tashi ɗaya daga mujallar Tumor Biology kan irin wannan. Maƙalun ciwon daji fa.

Sarkin Gardama: Hajiya, da girmanki, kin haɗa ɓarawon akuya da mai fashi. Ita me ta ci? Ba ƙarin girma, ba kuɗi, ba maƙala.

Almajirin Hadisi: Salamu alaikum. In an ba ni dama in sa baki daga ɓangaren da na ɗan karanta. Malaman hadisi sun riga mu shan wannan muhawarar da fiye da shekara dubu, don su ma matsalarsu ke nan: magana ta zo, wa ya kawo ta?

Sun bambance abu biyu. Akwai majhuli, mai ruwayar da ba a san ko wane ne ba. Ba a ce masa maƙaryaci, ana dai dakatar da ruwayarsa har a sami mai ƙarfafa ta. Akwai kuma mudallisi. Daga cikin nau'o'in tadlisi akwai wanda mutum zai ambaci malaminsa da wani suna ko alkunyar da ba a san shi da ita ba, don mai ji ya zaci wani ne daban, ko ya zaci malamansa suna da yawa. Ku duba da kyau: mai yin haka sau da yawa bai ƙirƙiri matanin ba, abin da ya ruwaito yana iya zama ingantacce. Duk da haka malamai sun ƙi abin, suka rubuta littattafai na musamman suna lissafa masu yin sa. Me ya sa, tunda maganar gaskiya ce? Saboda ya ɓata wa mai bincike hanyar tantancewa. Abdullahi bn Mubarak ya ce isnadi, wato jerin masu ruwaya, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Sannan akwai hadisin Asma'u a Bukhari da Muslim, cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Malama, ki yi haƙuri, ba don in ƙona miki rai na kawo ba. Da kin sa "Mai Son Ƙididdiga" kika yi shiru kan sauran, majhula ce ke, ba ki da laifi. Dakta da shekara 12 ɗin ne tufafin.

Malam Ƙididdiga: Allah ya gafarta Malam, to ina maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Ali, cewa a dubi abin da aka faɗa, kada a dubi wanda ya faɗa?

Almajirin Hadisi: Tana nan daram, a wurin da mai ji zai iya auna maganar da kansa. Kai in an kawo maka lissafi, za ka ɗauki biro ka bi shi layi-layi, ba ruwanka da sunan mai shi. Gauss ma haka ya yi da takardun Le Blanc, hujjojin ya karanta, sunan bai ƙara musu nauyin ƙwayar zarra ba. Shi yaron nan fa? Da zai iya auna amsar da kansa, da bai zo tambaya ba. Abin da ya auna shi ne mai maganar.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, tambaya biyu zan yi miki, ki amsa tsakaninki da Allah, ba sai kin yi ado ba. A wata takwas ɗin nan, an taɓa ja da ke a wata mas'ala kika rufe bakin mutum da shekarun koyarwar nan maimakon hujja? Na biyu, Daktan ya taɓa yabon wani abu da kika rubuta da sunanki na gaskiya?

Ɗaliba Mai Kundi: Baba, ka ɗaure ni da jijiyata.

Na farkon, eh, sau ɗaya. Wani ya dage cewa mutum 30 sun yi kaɗan, na yi bayani bai gamsu ba, dare ya yi na gaji, sai na rubuta: "A shekarun da na yi ina jarraba ɗalibai, na ga irin wannan ba adadi." Ya ce to Dakta, ka fi ni sani. Ban taɓa jarraba kowa ba, ko gwajin aji.

Na biyun ma eh. Na sa sanarwar wata maƙalata da sunana, kwana biyu ba wanda ya kula. Sai na shiga da ɗaya asusun na rubuta "aiki mai kyau, ya kamata ɗalibai su karanta." Layi ɗaya ne. Na ma manta da shi sai da ka tambaya.

Baba Mai Ritaya: Madalla da ba ki ɓoye ba. Ban tambaya don in kunyata ki ba, na tambaya ne don ban taɓa jin labarin irin wannan rigar da mai ita bai kai ga waɗannan biyun ba.

Ku tuna Essjay na Wikipedia. Ya ce shi farfesan ilimin addinin Kirista ne mai digirin dakta har biyu. Mujallar New Yorker ta yi hira da shi a 2006 ta buga haka. A farkon 2007 aka gano sunansa Ryan Jordan, shekararsa 24, ba shi da ko ɗaya daga cikin digirorin. Uzurinsa shi ne yana kare kansa daga masu bibiyar mutane a intanet, kuma da farko Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin, ya ɗauki abin a matsayin sunan aro kawai. Abin da ya juya lamarin shi ne da aka tono tsofaffin muhawarori aka ga yana kafa hujja da digirorin don ya yi nasara a gardama kan abin da za a rubuta. Nan Wales ya ce ya ajiye muƙamansa. Mai gudun masu bibiya, suna kawai yake buƙatar sauyawa. Me ya kai shi ga digiri biyu?

Na biyun kuma, Orlando Figes, farfesan tarihin Rasha a Birkbeck ta Landan a lokacin. Mutum ne da littattafansa suka yi suna, ba ya buƙatar taimakon kowa. A 2010 aka gano yana shiga Amazon da wani suna yana yabon littafinsa yana kushe na abokan sana'arsa, irin su Robert Service da Rachel Polonsky. Da farko ya musa, har da barazanar lauya. Sai aka ce matarsa ce ta rubuta. Daga ƙarshe ya amsa cewa shi ne, ya biya diyya. Shi ma da layi ɗaya ya fara, ina kyautata zato.

Sarkin Gardama: Baba, na ji, amma har yanzu ba wanda ya amsa min. Duk misalan nan na masu ƙarfi ne da suka ƙara da zalunci. Ita mai rauni ce. Kuma in dai sunan gaskiya ne sharaɗi, to a rufe PubPeer mana. Tun 2012 mutane ke shiga can ba suna, suna nuna hotunan gwajin da aka yi wa kwaskwarima a maƙalu. Wani farfesan binciken ciwon daji a Jami'ar Wayne State, Fazlul Sarkar, ya rasa aikin da Jami'ar Mississippi ta yi masa tayi bayan irin waɗannan sharhin, ya je kotu a 2014 yana so a tona masu rubutun. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Michigan ta ƙi. Daga baya gomman maƙalunsa aka janye. Da an tilasta sa suna, wane ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji ne zai buɗe baki?

Hajiya Edita: Ba wanda ya ce a rufe. Misalin naka ma ni yake taimaka wa. Mai sharhi a PubPeer cewa yake: ga hoto na 3, ga hoto na 5, ku haɗa ku gani, iri ɗaya ne an juya shi. Kowa ya buɗe idonsa ya duba. Bai ce ku yarda da ni don ni farfesa ba ne. Ranar da ya faɗi haka alhali ƙarya ne, ya bar layin masu fallasa ya koma layin waɗanda ake fallasawa.

'Yar Ɗakin Gwaji: Ni dai ina tare da Yaya mai tambaya a zuciya, don na san zafin "ki gama karatu tukuna". Amma akwai abin da ba a taɓo ba. Duk amsa mai kyau da kika bayar wata takwas, a asusun wa ta shiga? Na namiji mai furfura. Mutanen zauren sun ƙara tabbata cewa irin wannan ilimin daga irin wannan fuskar yake fitowa. Ɗaliba ta gaba da za ta yi gyara da sunanta, abin da aka yi miki za a yi mata, wataƙila ma a ce ta je ta karanta bayanan Dakta.

Kuma abin yana cin mutane ta inda ba a zata ba. A 2020 wata masaniyar ƙwaƙwalwa a Amurka, BethAnn McLaughlin, ta sanar a Twitter cewa ƙawarta, wata farfesa 'yar ƙabilar Hopi a Jami'ar Jihar Arizona, ta rasu da cutar korona. Malamai suka yi ta jimami, har taron makoki aka yi ta Zoom. Jami'ar ta ce ba ta da wannan mamaciyar. Ashe shekaru McLaughlin ɗin ce ke riƙe da asusun. Mutane sun yi kukan wadda ba a taɓa haifa ba.

Ɗaliba Mai Kundi: Wallahi na yi tunanin in kashe Daktan. In rubuta cewa ya yi tafiya ko ba shi da lafiya, in rufe asusun shiru.

'Yar Ɗakin Gwaji: Kada ki soma, Yaya! Sunansa na shafin godiya, yaron zai yi ta cigiya.

Lauyan Zaure: Tambaya ɗaya ta ɓangarena: sunan da kika sa, kin bincika ko akwai malami mai shi a wata jami'a? Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina ƙirƙirar suna daban, shiga rigar mutum mai rai daban. Raphael Golb lauya ne a New York a lokacin, ɗan marigayi Farfesa Norman Golb na Jami'ar Chicago. Mahaifinsa na da ra'ayin da ya saɓa wa na akasarin masana kan asalin tsofaffin rubuce-rubucen da aka tono a kogwannin dutse na Ƙumran, kusa da Tekun Gishiri. Ɗan ya buɗe asusu da sunaye barkatai yana kare ra'ayin uban, har ya buɗe imel da sunan Farfesa Lawrence Schiffman na Jami'ar New York, ya aika saƙonni kamar Schiffman ɗin ne ke amsa laifin satar fasaha. An kama shi a 2009, kotu ta same shi da laifi a 2010. An yi shekaru ana ɗaukaka ƙara, an soke wasu tuhume-tuhumen, amma sai da ya kwana gidan yari. Muhawara ce kan takardun da suka shekara dubu biyu.

Ke ba ki kai nan ba. Amma ranar da kika tura wa yaron sunan wata jami'a ta gaske da sashe, kin jingina ƙarya ga hukuma mai rai, kuma a rubuce cikin kundin da za a ajiye a laburare. Wannan kada ki yi, ko da wasa.

Ɗaliba Mai Kundi: Na bincika tun farko, Barista, ban ga mai sunan ba. Jami'a kuwa ban taɓa ambata ba, "wata jami'a" kawai nake cewa.

Sarkin Gardama: To ta ce bincike take yi mana. Alan Sokal ya aika wa mujallar Social Text maƙalar shirme a 1996 suka buga, ya fito ya ce gwada su ya yi. Har yau ana jinjina masa.

Baba Mai Ritaya: Sokal da sunansa da jami'arsa ya aika, kuma da kansa ya tona a mujallar Lingua Franca ba da daɗewa ba. Ya tsaya ya sha suka da fuskarsa. Waɗanda suka kwaikwaye shi a 2018, su Boghossian da Lindsay da Pluckrose, sun rubuta maƙala 20 da sunayen aro, aka karɓi 7. Jami'ar Jihar Portland, inda Boghossian ke koyarwa a lokacin, ta ce ya yi bincike a kan mutane, wato editoci da masu tantancewa, ba tare da izinin kwamitin ɗa'a ba. Har yau ana jayayya kan hukuncin, ni kaina ina ganin sun bankaɗo rauni na gaske a wasu mujallun. Amma ɗana, bincike ana tsara shi kafin a fara. Ba a yin abu don haushi, in ruwa ya ƙare wa ɗan kada a sa masa suna bincike.

Hajiya Edita: Kuma ko an tsara ɗin. A 2025 aka gano wasu masu bincike na Jami'ar Zurich sun saki asusun bogi a wani zauren muhawara na Reddit, ƙirƙirarriyar basira ce ke rubuta sharhin, sama da 1,000 cikin 'yan watanni, don su auna ko na'ura za ta iya sauya wa mutum ra'ayi. Wani asusun ya ce shi wanda aka taɓa yi wa fyaɗe ne, wani ya ce mai ba da shawara ne ga waɗanda suka shiga tashin hankali. Me ya sa ba su bar na'urar ta kawo hujja tsurarta ba? Don sun san "ni abin ya faru a kaina" ya fi hujja saurin shiga zuciya. Shi suka sata. Masu kula da zauren suka kai ƙara jami'ar, aka gargaɗi jagoran binciken, masu binciken suka ce ba za su buga sakamakon ba. 

Mai Kula da Zaure: Jama'a, na goge saƙo biyu na masu ƙoƙarin cankar ko wace ce mai tambaya da kuma wane zaure take nufi. Duk wanda ya sake, waje. Ta zo neman shawara ne.

Tunda na shigo, Malama, kada ki dogara da cewa asusun ba zai taɓa tonuwa ba. Akwai wani dandalin masana tattalin arziki, EJMR, da aka shekara ana rubutu ba suna, har da cin mutuncin mata. A 2023 wasu masu bincike uku suka nuna cewa 'yan haruffan da shafin ke liƙa wa kowane mai rubutu daga adireshin intanet ɗinsa ake sarrafa su, suka warware lissafin, suka gano saƙonni da yawa daga cikin manyan jami'o'i suke fitowa. Ke kuma kin maimaita bayani ɗaya kusan kalma da kalma da asusu biyu, a zauren da mai duba rubutunki yake. Wanda ya shekara uku yana karanta babi-babinki ya san inda kike sa waƙafi.

Malam Ƙididdiga: Ni na sauka daga rabin matsayina, rabin ina nan. Har gobe ina ganin ɗaliba na da haƙƙin shiga muhawara da sunan da ba nata ba, kuma zauren da ya tilasta mata haka shi ma yana da tambayar amsawa. Abin da nake ba da shawara: ki cire Dakta, ki cire shekarun, ki cire hoton, ki goge layin yabon nan. Ba dole ki yi shela a zauren ba, ba ki da bashin tona kanki ga wanda ya ce ki rage rawar kai. Amma yaron, shi kam kina da bashinsa, kuma kafin ya kai kundin a ɗaure.

Almajirin Hadisi: Da wanda aka rufe wa baki da shekarun jarrabawa. Shi ma a koma masa da hujjar, ko a ce masa wancan zancen a janye shi.

Sarkin Gardama: Shi kuma mai "ki gama karatun tukuna" ya ci bulus ke nan? Ya sha gyara daga ɗalibar da ya raina, ya yi godiya, ba zai taɓa sani ba. Wannan ne bai kwanta min ba, kuma duk cikinku ba wanda ya ba ni amsa.

Baba Mai Ritaya: Ba ni da ita, ɗana. Na zauna a kujerar da yake kai, kuma ba zan rantse ban taɓa faɗa wa ɗalibi irin wannan kalmar ba.

Ɗaliba Mai Kundi: Ga abin da na rubuta, ku duba min kafin in tura:

"Salam. Kafin ka ɗaure kundinka akwai abin da ya wajaba ka sani. Ni ba dakta ba ce, ba malamar jami'a ba ce, sunan da ke asusun nan ma ba nawa ba ne. Ɗaliba ce ni kamarka, ina digiri na uku. Ka cire sunan daga shafin godiya da babi na uku. Shawarar gwajin tana nan daidai, amma kada ka dogara da ni, zan turo maka littafi da lambar shafi ka kafa hujja da su, ka kuma nuna wa mai duba aikinka. Na yi haka ne saboda yadda aka yi min a zauren. Ka yafe ni."

Hajiya Edita: Ki cire jimlar "na yi haka ne saboda". Gaskiya ce, amma ba shi ya yi miki ba, kada ki ɗora masa aikin tausaya miki a makon da yake shirin kare kundi. In ya tambaya sai ki faɗa.

'Yar Ɗakin Gwaji: Ni da ta bar ta. Ya kamata ya san yadda zauren yake, shi ma gobe malami ne.

Malam Ƙididdiga: Ku bar mata wannan ta zaɓa. Ƙanwata, in yana son wanda zai duba babin da sunansa na gaskiya, wanda mai jarrabawa zai iya nema ya samu, ki haɗa shi da ni ta akwatin saƙo. Shafi nawa ne?

Ɗaliba Mai Kundi: Shafi 22 ne, Malam, har da jadawali. Na gode, Allah ya saka.

Na cire jimlar na tura. Alama ta nuna ya karanta tun minti 40 da suka wuce. Sau biyu ina ganin yana rubutu, sai ya tsaya.